Abban Yara Na Son Mu Koma Tafkunan Saman Dutse, Ni Kuma Gabana Faɗuwa Yake

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Bara da hutu Abban yara ya kwashe mu a mota ni da yaranmu uku muka tafi ganin tafkunan da ke saman duwatsu, yana so yara su ga namun daji da idonsu. Wallahi wurin ya haɗu, ruwan nan garau har kina hango tsakuwar ƙasa, amma ni hankalina bai kwanta ba har muka dawo. Tafki huɗu ya ce sai mun gani a kwana biyu, hanya duk kwana-kwana, autata tana ta amai a cinyata, a gangare kuma na ji birki na wari kamar ana ƙona roba ya ce ba komai. Wanda ya fi tsaya min a rai, mun tarar da birai a bakin titi ya tsaya ya bar babbanmu ɗan shekara 9 ya fita da biskit wai a ɗau hoto, wani ƙaton biri ya diro ya fizge ledar har ya yakushe shi a hannu. Yanzu wai bana ma za mu koma har da Hajiyarsa mai hawan jini, yara sai murna suke, in na yi magana ya ce tsorona ya yi yawa. In ce ba zan je ba ne ko yaya?

Maman yara uku

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar yakushin nan ta fi damuna, domin biri na iya ɗauke da cutar haukan kare, abin yi a take shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti. In ba a kai yaron ba a lokacin, ko yanzu ki faɗa wa likita.

Amma kar ki ce ba za ki je ba, mutumin da ya kwashi iyalinsa don su ga ikon Allah ai abin a yaba masa ne. Ki same shi a natse bayan yara sun yi barci, ki biyo masa ta abin da yake so. Dabbobi yake so su gani ko? To yawancinsu da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana suke fitowa shan ruwa, wanda ke tsere daga tafki zuwa tafki da tsakar rana birin bakin titi kawai zai gani, shi ma don an saba ba shi abinci ne, shi ya sa ba ya tsoron fizge. Ku zaɓi tafki biyu ku kwana kusa, ku fito da asuba ku zauna shiru, ba mai miƙa wa dabba komai. A gandun Yelloston na Amurka doka ce ma, mita 23 tsakaninka da dabba, in beyar (wato bear) ce ko kyarkeci mita 91.

Warin birkin nan kuma kina da gaskiya, zafi ya ɗauka saboda an daɗe ana taka shi, kuma birkin da ya yi zafi yana iya ƙin kamawa. A doguwar gangare ƙaramar giya ake sawa inji ya riƙe motar, sannan bakanike ya duba ta kafin ku tashi.

Hajiya kuwa ta ga likitanta tukuna, ku gaya masa tsayin wurin, don daga mita 2,500 iska na yin ƙaranci, wasu su fara ciwon kai da haki. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ki ɗebi rigunan sanyi, kuma kar kyan ruwan ya ruɗi yara su faɗa ciki, sanyinsa na ɗauke numfashi. Ita auta ki sa ta a tsakiyar kujerar baya tana kallon gaba, ba waya a hannu, kuna tsayawa tana shan iska.