Wane salon rubutu ya dace da katin biki da allon shago?

Tambaya: Ni tela ce a Marwa. Ƙanwata za ta yi aure bayan Sallah, ina son a buga mana katin gayyata da rubutun nan mai lanƙwasa kamar na alƙalami, da Hausa da Faransanci. Wanne zan zaɓa? Kuma zan iya sa shi a allon shagona da tambarin da nake liƙa wa kaya?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Wannan salon rubutu asalinsa rubutun hannu ne na malaman rubutu na Ingila a ƙarni na 18. Alƙalami mai tsini suke amfani da shi: in an danna sai layi ya yi kauri, in an sassauta ya zama siriri kamar gashi. Daga nan kyansa yake, daga nan kuma matsalarsa take. Snell Roundhand, wanda Matthew Carter ya zana a 1966, da Edwardian Script na Ed Benguiat da ya fito a 1994, duk jikokin wannan hannu ne. Akwai kuma Zapfino na Hermann Zapf, na 1998, mai dogayen wutsiyoyi. Na kyauta a Google Fonts akwai Great Vibes da Allura da Pinyon Script, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Ni a katin aure na fi karkata ga Snell Roundhand ko Allura, don tsoho mai tabarau ma yana karanta su.

Amma kafin ki ce wannan ya yi miki, ki zauna kusa da mai kwamfutar ki sa ya rubuta miki kalmomi uku da salon: ɗaurin aure, ƙanwa, ɓangare. Sai ki ƙura wa ɗ da ƙ da ɓ ido. Yawancin tsofaffin salon nan don harsunan Turai aka zana su, suna da é da ç na Faransanci amma babu haruffanmu masu ƙugiya. Kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salo, ki ga ɗ ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, ko kuma ya fito ɗan akwati. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu bugawa suke rufe ɓarakar: su share ƙugiyar su yi shiru. A shagona nan Garwa an taɓa kawo mini katin da aka buga a wani wuri, an rubuta daurin aure, kati ɗari uku, babu halin gyara. Kada ki yarda da haka. In akwai sunan Fillanci a dangin ango, ki gwada ƴ da ŋ ma. In salon ba shi da su, ƙwararren mai zane zai iya zana ƙugiyar da hannu, ko a canja salo.

Rubutun alƙalami na sunan amarya da ango ne kawai, ko kalma ɗaya kamar Gayyata. Rana da lokaci da unguwa da lambar waya a sa su da rubutu miƙaƙƙe. Salon Gentium da Charis suna da haruffanmu duka. Kada kuma a rubuta suna da manyan baƙi zalla a salon alƙalami, haruffan cakuɗewa suke yi. Ruwan zinariya a kan farar takarda yana cinye siraran layuka, haka ma WhatsApp in ya matse hoto, kuma rabin baƙinku a waya za su ga katin. Ki sa a buga guda ɗaya ki riƙe a hannu tukuna. Da kin amince, mai kwamfutar ya mayar da rubutun zane, ya kai PDF wurin inji.

In za a sa Larabci a sama, salon Amiri yana da tsabta, akwai kuma Alkalami da aka zana bisa rubutun ajamin Kano. Ni dai nakan ba da shawara kada a sa ayar Alƙur'ani a kati, don washegarin biki a ƙasa ake tsintar katunan.

Allon shago kuwa, a'a, ban da siririn salo. Mai wucewa a kan babur daƙiƙa biyu gare shi, kuma ranar Marwa a watan Afrilu da ƙurar hunturu daga siraran layukan leda suke fara ɓanɓarewa. Ki nemi mai kaurin jiki irin Lobster ko Pacifico don sunan shagon kaɗai, sana'a da lamba a miƙe a ƙasa. Tambarin wuyan riga kuma, tunda ƙarami ne, harafin farko na sunanki ya isa, sai ki gwada shi a ɗinkin zare kafin ki ba da odar da yawa.