Amsar Kawu kan ɗan Indiyan da ba a cin abinci da shi

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, kana tambaya me yasa abokan aikinka 'yan Indiya a kamfanin nan na Kano suke ware ɗaya daga cikinsu lokacin cin abinci alhali duk injiniyoyi ne, kuma da zuwansa sunan gidansu suka fara tambaya. Toh wannan tambayar sunan ita ce komai, don a wurinsu suna yana faɗin asali, in aka ji Sharma ko Iyer an san Brahmin ne, ba sai an ƙara bincike ba.

Al'adar Hindu ta kasa mutane gida huɗu: Brahmin malaman addini, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu hidima. A ƙasan su duka kuma akwai Dalit, waɗanda aka ɗora wa shara da jima da kwasar kashi, har ake ganin taɓa su ma ƙazanta ce, wlh abin yana ci min rai, mutum bai yi laifin komai ba sai don gidan da aka haife shi.

A takarda an soke. Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda Ambedkar ya jagoranci rubutawa, shi kansa Dalit ne, ya haramta wannan ƙyamar a sashe na 17, kuma aka ware musu kashi 15 cikin ɗari na aikin gwamnati, daga baya a 1990 aka ƙara kashi 27 ga sauran gidajen da aka bari a baya. Amma kamfanoni masu zaman kansu dokar kason ba ta hau kansu ba, can ne manaja zai duba suna ya ajiye fayil, ko ya ce a kawo ɗan'uwan wane, kaga ba wanda zai kama shi da laifi. A wani bincike da ya fito a 2007, masana Sukhadeo Thorat da Paul Attewell sun tura takardun neman aiki iri ɗaya, suna kawai suka canza, masu sunan Dalit ba su samu kiran intabiyu kamar masu sunan manyan gidaje ba. Kwasar kashi da hannu an hana tun 1993 aka sake doka a 2013, amma har yau mutane na mutuwa cikin ramin masai, kusan dukansu Dalit. Abin har Amurka ya bi su, shiyasa birnin Seattle ya yi dokar hana shi a 2023.

Ka ce ko kamar namu ne na maƙera da mahauta da wanzamai. Akwai kama wajen aure, kar mu yi wa kanmu ƙarya, ka san gidajen da har gobe ba sa ba mahauci 'ya. Amma mu sahu ɗaya muke sallah, kwano ɗaya muke ci, ɗan wanzami ya zama likita ba mai ƙin zuwa wurinsa.

Shi wannan bawan Allah kar ka tambaye shi asalinsa, da yawansu ɓoyewa suke don tsoron aikinsu. Gobe in an tashi cin abinci ɗauki kwanonka ka je ka zauna kusa da shi. Ka gaida mamanka.