Amsa kan zurfin layi da ya ƙi bin fayiloli a Python

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, na saurari muryarka, na kuma duba hoton da ka turo. Ga waɗanda ba su ji ba, yana rubuta manhajar fitar da rasit ne da Python don wani shagon kayan masarufi a kasuwar Wunti. Ya raba aikin fayil uku, na kan rasit, na jerin kaya, na jimilla. Yana so layin da ke ƙarƙashin wani ya ɗan shiga ciki, ya ajiye lambar zurfi a fayil mai suna tazara, amma in fayil na biyu ya ƙara ta, na uku sifili yake gani.

To ƙanena, layi ɗaya ne ya jawo maka wannan, inda ka rubuta from tazara import zurfi. Abin da layin nan yake yi, sabon suna yake buɗewa a cikin fayil ɗinka, ya ɗaura shi a kan sifilin da ya tarar a lokacin. In ka ƙara ɗaya, sunan da ke wurinka ne ya matsa, na cikin tazara yana nan inda yake. Shi kuma global da ka sa, kalmar da ke ba aiki damar canza sunan da ke wajensa, iyakarsa fayil ɗin da aka rubuta shi, ba ya tsallake katanga.

Gyaran farko, ka rubuta import tazara kawai, ko'ina ka riƙa kiran tazara ɗigo zurfi, wato tazara.zurfi. Python sau ɗaya yake loda fayil, ya ajiye shi a sys.modules, ma'ajiyar fayilolin da ya riga ya loda, duk wanda ya sake nema shi ɗin dai za a miƙa masa. Sai dai ka kula, kada lambar ta zauna a fayil ɗin da kake tayar da manhajar da shi. Wannan Python __main__ yake kiransa, in wani fayil ya yi import ɗinsa da sunansa sai a sake loda shi, ka tashi da zurfi biyu, kowanne da lissafinsa.

Amma don Allah kada ka tsaya nan. In kowane fayil yana sa hannu yana ƙarawa yana ragewa, wata rana wani zai ƙara bai rage ba. A ce an zo kan kayan da ba a sa wa farashi ba, kuskure ya tashi, aka tsallake layin ragewa, aka kama kuskuren a can sama. Zurfi ya maƙale a biyu ke nan, rasit ɗin mai saye na gaba tun daga sunan shago a karkace zai fito. Saboda haka tazara shi kaɗai zai taɓa lambar. Ka rubuta aiki biyu a cikinsa, wato function biyu. Na farko sunansa rubuta, ya ninka sarari da zurfi ya liƙa a gaban layi. Na biyu sunansa shiga, ka ɗora masa contextmanager daga contextlib, abin da ke sa a iya kiran aiki da with: ya ƙara ɗaya, sai try, sai yield, inda rubutun mai kira zai gudana, a cikin finally ya rage ɗaya. Sauran fayiloli with shiga kawai za su ce, su yi rubutunsu a ƙarƙashi. Ko kuskure ya tashi, finally sai ya gudana.

Sai faɗin kowane mataki. Na ga ka sa sarari huɗu, wataƙila saboda PEP 8, to wannan dokar rubuta lambar manhaja ce, ba ta shafi takardar rasit ba. Ƙaramar firintar nan mai takarda milimita 58 yawanci harafi 32 take ɗauka a layi. Mataki uku da sarari huɗu ya cinye 12, saura 20. Ka rubuta Man gyaɗa lita 5, harafi 16, ka bar sarari ɗaya, ka sa 12,500, ya zama 23, farashi ya faɗo layin ƙasa. Da sarari biyu kuwa 26 ya rage maka, ya shiga har da ragowa. Kada ka yi amfani da tab, ba kowace na'ura take ba shi faɗi ɗaya ba. Sunan kaya mai tsawo ka miƙa wa textwrap.fill, aikin Python mai karya dogon rubutu layi-layi, ka ba shi width 32, ka cika initial_indent na layin farko da subsequent_indent na sauran layuka duka biyu, in ba haka ba layin farko kaɗai zai shiga. Af, ka gwada ɗ da ƙ a firintar tun yanzu, da yawansu alamar tambaya suke bugawa a wurinsu.

In kwamfuta ɗaya ce, mai karɓar kuɗi ɗaya, wannan ya wadatar. Ranar da ka ɗora manhajar a kan saba, wato server, inda mutum biyu za su buga rasit lokaci guda, lamba ɗaya a tazara za ta cakuɗa musu layuka. A nan sai ka koma contextvars, wanda ke ba kowane mai aiki tasa lambar daban, yana cikin Python tun 3.7 na 2018, ko kowane rasit ka ƙera masa marubucinsa da zurfinsa ka riƙa miƙa shi hannu da hannu.

Ka gyara, ka cire farashin kaya ɗaya da gangan, ka buga rasit biyu a jere, ka turo mana hoton na biyun.