Fasto ya ce Mama ta warke, ta zubar da magungunanta

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga da hawan jini shekara shida ke nan. Watan jiya ta je wani taron warkarwa, faston ya ɗora mata hannu ya ce ta warke, wai ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Tana dawowa ta juye ƙwayoyin a masai. Ni ma Kirista ce, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ta ce da idonta ta ga guragu sun miƙe. Me zan ce mata?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin komai, ki kai Mama a auna mata suga da jini cikin makon nan. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin kansa garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye, don haka "na ji sauƙi" ba shaidar warkewa ba ce.

Abin da ta gani kuwa, na yarda ta gani, amma ba ta ga abin da ya faru kafin taron da bayansa ba. A cikin kiɗa da ihu da kuka, jiki yakan saki sinadaran da ke danne zafi na ɗan lokaci. Tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta yar da sanda ta taka, washegari ciwon ya dawo, alhali babu kyamara a ɗakinta. Wani kuma da ƙafarsa ya shigo, aka ba shi keken guragu ya zauna a gaba, daga baya aka ce ya tashi.

Akwai wanda aka kama dumu-dumu. A Amurka, wani mai wa'azi, Peter Popoff, yakan kira sunan mara lafiya da cutarsa da adireshinsa, ya ce Allah ne ya bayyana masa. A 1986 James Randi, mai bankaɗo masu da'awar mu'ujiza, da abokan aikinsa suka kamo muryar matar Popoff a na'ura, tana karanto masa bayanan ta wani ɗan abin sauraro da ke kunnensa, daga katin addu'ar da mutane suka cike a bakin ƙofa. A Afirka ta Kudu, wani fasto, Lethebo Rabalago, ya riƙa fesa wa mabiyansa maganin ƙwari a fuska da sunan waraka, har kotu ta same shi da laifi a 2018. A dajin Shakahola na Kenya kuwa, tun daga 2023 an tono gawarwaki sama da 400 na mabiyan fasto Paul Mackenzie, waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake juya laifi kan mara lafiya. In ciwo ya dawo, sai a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ya ƙara sayen mai ko ruwan albarka, ya ƙara "shuka iri", wato ba faston kuɗi don neman albarka. Na taɓa karɓar wani dattijo mai suga da ya bar allurarsa wata uku. An kawo shi ƙafa ta yi baƙi tana wari, ga ƙyallen addu'a ɗaure a kanta, yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifi. Sai da aka yanke ƙafar.

Kada ki yi jayayya da Mama a kan addu'a, domin ba nan matsalar take ba. Ki tuna mata cewa Luka da ya rubuta bishara likita ne, kuma 'yan mishan ne suka gina asibitin Galmi a Nijar da na Vom a Filato. Ki nemi fasto ko dattijuwar zumuntar mata da take jin maganarta su raka ku. Ki ce mata, "Mama, in an warke, awo zai nuna." A bar ta ta ga lambar da idonta. Idan kuwa kika lura da yawan ƙishirwa da fitsari, ko maganarta ta fara harɗewa, ko bakinta ya karkace, kada ki jira gari ya waye, ku wuce asibiti nan take.