Filin Tambayi Makanike: Wendell Scott da Tseren Motocin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Makanike. Ni ma makaniken ƙananan motoci ne, garejina yana kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. Wani yarona ya nuna mini bidiyon tseren motoci a Amurka, kuma motocin ba irin masu tayoyi a waje ba ne, sun yi kama da motocin hawa na gida. Wani Baƙar fata mai suna Bubba Wallace ne ya zo na ɗaya, yaron ya ce shi ne Baƙar fata na farko da ya taɓa cin wannan tsere. Haka ne? Kuma da gaske daga kanti ake sayo motocin a shiga fili da su?
*Makanike daga Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa abokin sana'a. Yaronka ya kusa, amma bai dace ba. Bubba Wallace na biyu ne. Na farkon, Wendell Scott, makanike ne irinmu, shi ya sa zan ja wannan amsa da ɗan tsawo.

Bari mu fara sallamar maganar motocin. Hukumar da ke shirya tseren sunanta NASCAR. Bill France, wanda shi ma makanike ne kuma direba, shi ya kafa ta a 1948 a Daytona Beach ta jihar Florida. A watan Yunin 1949 aka yi tseren farko na babban rukuninta a Charlotte, kuma a wancan lokaci motar da ake sayarwa a kanti ita ake kawowa, a rubuta mata lamba a ƙofa, a shiga fili. Yanzu kamannin kawai suka rage. Bodin da ka gani mai siffar Toyota Camry ko Ford Mustang rufi ne, a ƙarƙashinsa keji ne na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, da kujera ɗaya tal, da inji mai silinda takwas. Ƙofa ba ta buɗuwa, ta taga direba yake shiga. Fitilun gaban ma sitika ce aka liƙa.

To, sai mutumin namu. An haifi Wendell Scott a 1921 a garin Danville na jihar Virginia. Ya yi aikin soja a matsayin makanike lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo gida ya buɗe gareji. Ya taɓa tuƙin tasi, ya kuma yi jigilar barasar da ake dafawa a ɓoye ba a biya mata haraji ba. Ba yabon wannan nake yi ba, sai dai tarihin tseren ba ya cika idan aka tsallake shi, domin da yawa daga direbobin farko a fasa-ƙwaurin barasa suka koyi ƙara wa inji ƙarfi don tsere wa 'yan sanda. Junior Johnson, wanda ya ci manyan tsere 50, har gidan yari ya shiga a kan barasar. A 1952 masu filin tsere na Danville suka so su sa Baƙar fata a cikin direbobi don su jawo 'yan kallo, suka je wurin 'yan sanda suna tambayar wa ya fi gudu a garin. Sunan Scott aka ba su.

Ka tuna inda ake wannan magana. Kudancin Amurka ne a zamanin da doka ta raba Baƙi da Farare a makaranta, a gidan abinci, a masauki, har a famfon shan ruwa. Akwai filayen da suka mayar da shi daga bakin ƙofa. Filin Darlington ya yi shekaru yana ƙin karɓar takardarsa. Duk da haka ya yi ta cin ƙananan tsere a Virginia, har ya zama gwarzon jihar a rukuninsa a 1959, sannan ya hau babban rukuni a 1961, yana dab da cika shekara arba'in.

A nan ne nake so ka tsaya ka duba da idon makanike. Waɗanda yake karawa da su, irin su Richard Petty, kamfanonin ƙera motoci ne a bayansu, ana aiko musu da sabbin injuna da kayan gyara. Scott kuwa tsohuwar motar da wani direba ya gama yayinta yake saya, ya kwance ta a garejin gidansa, ya haɗa ta da kayan da wasu suka cire suka yar. 'Ya'yansa maza su ne yaransa na canza taya da zuba mai. Wani lokaci a tsakiyar tsere shi da kansa yake fitowa ta taga ya kama safana, ya gyara, ya koma. Kai da ka san yadda ake lallaɓa tsohon inji ya kai mai shi gida, ka ƙiyasta abin da ake nufi da a ce injin ya yi sa'o'i totur a ƙasa, gobe kuma a ja motar ɗaruruwan kilomita zuwa wani fili.

Ranar 1 ga Disamba, 1963, a wani filin ƙasa mai tsawon rabin mil a Jacksonville ta Florida, Scott ya shiga da wata Chevrolet da ya saya a hannun direba Ned Jarrett. Zagaye 200 za a yi. Filin ya farfashe ya yi ramuka, motocin manya suna ta lalacewa, tasa tana tafiya. Ya wuce Petty ana saura zagaye 25, ya cika na ɗari biyu, ba a kaɗa masa tuta ba. Ya ƙara ɗaya, ya ƙara wani. Sai aka kaɗa wa Buck Baker, Farar fata, aka miƙa masa kofi, 'yan kallo suka watse. Bayan sa'o'i aka sake duba lissafi aka ce ai Scott ne ya ci, da tazarar zagaye biyu ma. Suka ba shi kuɗin na ɗaya, kofi kuwa ya tafi. Masu filin sun ce kuskuren ƙirga ne. Mutane da dama sun tafi a kan cewa tsoron abin da taron zai yi ne idan Baƙar fata ya hau dandamali ya karɓi kofi a hannun budurwa Farar fata, kamar yadda al'adar wurin take. Ni dai a ganina zalunci ne ko ta wace fuska aka dubi abin, domin an hana mutum ranar da ya yi shekara goma sha ɗaya yana nema.

Wannan ce kaɗai nasararsa a babban rukuni, amma ni ba da ita nake auna shi ba. Tsere 495 ya shiga tsakanin 1961 da 1973, sau 147 yana ƙarewa cikin goma na farko, kuma a 1966 shi ne na shida a jimillar makin shekara, da motar hannu da aljihunsa. A 1973 ya ci bashi ya samu mota mai kyau, irin wadda ya daɗe yana buri, ya kai ta filin tsere na Talladega. Aka yi mummunan karo na motoci masu yawa, motar ta tashi aiki, shi kuma ya ji munanan raunuka. A shekarar ya ajiye tsere ya koma garejinsa. Ya rasu a watan Disambar 1990. A 2015 NASCAR ta sa sunansa a zauren gwarazanta, kofin Jacksonville kuwa sai a watan Agustan 2021 ta yi wani ta miƙa wa iyalinsa. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 4 ga Oktoba, Bubba Wallace ya ci a Talladega, filin da ya karya Scott. Kusan shekara 58 ke tsakanin nasarorin biyu. Ka karanta wa yaronka wannan a gareji.

Tambaya: Baba Makanike, barka da aiki. Ɗana mai shekara 19 ya dame ni shi direban tsere zai zama kamar na Amurka. Na samu labari har wasan mota yake yi a wajen biki da motar abokansa. Hankalina ya tashi. Shin wannan sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita, kuma ta ina ake shigarta?
*Wata uwa daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, kuma kin yi daidai da hankalinki ya tashi. Sana'a ce, manyan cikinta suna samun dukiya mai yawa, amma ƙofarta ƙarama ce ƙwarai. Kimanin motoci arba'in ne kawai ake bari su shiga tsere ɗaya a babban rukuni, a ƙasar da dubban yara ke neman kujerar.

Ki dubi hanyar Wallace ɗin nan. An haife shi a 1993, ya fara tsere da ƙananan motocin yara yana ɗan shekara tara. Daga nan ya bi ƙananan filaye, ya shiga shirin da NASCAR ta ware don jawo Baƙaƙen fata da mata da sauran waɗanda aka bari a baya, ya hau rukunin motocin a-kori-kura inda ya ci tsere a Martinsville a 2013. A tsakiyar 2017 aka rufe motarsa a rukuni na biyu, ba don bai iya ba, sai don babu kamfanin da zai ɗauki nauyinta. Sunayen kamfanonin da suka lulluɓe motocin nan su ne ke biyan kuɗin inji da taya da albashin ma'aikata, miliyoyin daloli a shekara. Ranar da suka janye, direba ya zauna a gida. Ya samu kujerar dindindin a 2018, amma sai a shekararsa ta huɗu ya ci tseren farko, a motar ƙungiyar da tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan da direba Denny Hamlin suka kafa. Baƙin da suka shigo daga waje, kamar Daniel Suárez na Meziko da Shane van Gisbergen na New Zealand, sai da suka yi suna tukuna, na farkon a gasar Meziko, na biyun a gasar Ostareliya.

Abin da na fi so ɗanki ya ji shi ne wannan. Dale Earnhardt ya zama gwarzon shekara sau bakwai, ya ci tsere 76, ba a yi direbobi da yawa da suka kai shi sanin mota ba. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na tseren da ake kira Daytona 500, motarsa ta daki bango, ya rasu yana da shekara 49, ga hular kwano, ga keji, ga likitoci a bakin fili. Mutuwarsa ce ta sa aka tilasta wa kowane direba ɗaura abin da ke riƙe kai da wuya, aka kuma yi wa bangayen filaye abin da ke shanye ƙarfin karo. Wanda ke juya mota a kan titi ranar ɗaurin aure ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ga yara da masu babur a gefensa. Wannan ba matakin farko na tsere ba ne, ganganci ne da ransa da na bayin Allah, kuma ina roƙon mahaifinsa da kawunnansa su sa baki tun yanzu.

Son mota kuwa kada ki kashe masa shi. Ki kai shi gareji mai kyau ko makarantar koyon aikin injiniyan motoci. A bayan kowane direba ɗaya akwai masu haɗa inji, masu walda, masu auna taya, da injiniyoyin da ke zaune gaban kwamfuta, kuma wannan ilimi yana ci da mai shi a Kaduna kamar yadda yake ci da shi a Charlotte, inda yawancin ƙungiyoyin suke da garejinsu.

Tambaya: Baba, me ya sa kullum hagu suke karya kwana? Ba sa gajiya da zagaye wuri ɗaya?
*Ɗalibi daga Maraɗi*

Amsa: Ɗana, yawancin filayen siffar ƙwai gare su, kuma ana zagaya su ne ta hagu, yadda ake sukuwar dawaki a Amurka. Direba a hagu yake zaune, saboda haka yana nesa da bangon waje. Ana saita motar gaba ɗaya don wannan kwana, tun daga iskar taya har nauyin kowane gefe. Akwai kuma filaye irin su Sonoma da Watkins Glen inda ake karya hagu da dama.

Gajiya kam suna yi. Tsawon filin Daytona kilomita 4 ne, a tseren Daytona 500 ana zagaya shi sau 200, zafin cikin mota yana haura digiri 50. A 1987 Bill Elliott ya yi gudun kilomita 342 a awa a Talladega. A wannan shekarar motar Bobby Allison ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban 'yan kallo, daga nan aka sa wa injuna abin da ke rage musu shaƙar iska a manyan filayen biyu, Daytona da Talladega. Shi ya sa kake ganin motocin a cure wuri ɗaya, hancin wannan a bayan wancan, kowa yana fakewa da na gabansa don ya rage dukan iska, kamar mai keke a bayan tirela. A irin wannan cunkoso direba ba ya iya ganin gefensa sosai, don haka kowanne yana da mutum a saman ginin fili riƙe da tabarau mai hangen nesa, yana gaya masa ta rediyo wa ke damansa, wa ke hagunsa, da lokacin da hanya ta buɗe.