Ku Tambaya, Mu Amsa: Shiga Aikin Kwana-kwana a Saudiyya

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Makka ne, a Shara Mansur na tashi, bana na gama sanawiyya (sakandare). Ina so kashe gobara ya zama sana'ata. Ta ina ake farawa?
*Wani matashi daga Makka*

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Ba ka faɗa mana wace takarda ce a aljihunka ba, alhali daga nan maganar take farawa. A Saudiyya kashe gobara ba ya hannun baladiyya, wato hukumar gari. Aikin Difa'ul Madani ne, wato hukumar kare farar hula, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma aikin kaki ne mai muƙamai irin na soja, ana farawa daga jundi, wato ƙaramin soja. Sharaɗin farko shi ne mutum ya zama ɗan ƙasa, kuma haihuwa a Makka kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Bahaushe ɗan ƙasa na asali ƙofa a buɗe take gare shi kamar kowa. Mai iƙama kuwa, wato baƙo mai takardar izinin zama, ba ya shiga, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya gyara maka hanya, damfararka zai yi.

In kai ɗan ƙasa ne, ka sa ido a Absher, dandalin intanet na ma'aikatar, sashen ɗaukar aiki. Kwanaki kaɗan ake buɗe rajista a rufe. Bayan cike bayanai sai a kira waɗanda aka zaɓa, a gwada takardunsu da abin da suka rubuta, a auna tsawo da nauyi, a yi gwajin asibiti da ganawar baki da baki, sannan a tafi horo. Ana neman shaidar sanawiyya, da rashin tarihin laifi, kuma kada mutum ya zama yana auren wadda ba 'yar ƙasa ba. Iyakar shekaru da tsawo kuwa, karanta sanarwar da ta fito da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya gani shekaru biyar da suka wuce. Abin da ya fi kayar da samari shi ne saɓani tsakanin abin da suka cike da abin da ke takarda, sai ƙibar da ba ta dace da tsawo ba, sai raunin gani.

Mai iƙama yana da wata hanya: kamfanonin da ke girka na'urorin gargaɗin hayaƙi, da famfunan yayyafin ruwa na silin, da cika gwangwanayen kashe wuta. Otal-otal ɗin Makka da Madina ba sa rabuwa da buƙatarsu. Sai dai ka tabbata sana'ar da ke rubuce a iƙamarka ta dace da aikin.

An kira ni horo. Me zan shirya? Kuma gaskiya ne gemu yana hana aikin?
*Wani mai karatu daga Jidda*

Madalla, Allah ya sanya albarka. Shirya huhunka da ƙafafunka kafin damtsenka. Riga da wando masu jure wuta, da kwalkwali, da takalmi, da tukunyar iska a baya, jimlarsu ta kan haura kilo 20, ba a ma ɗauki tiyo ko gatari ba. Ka riƙa gudu, ka riƙa hawa bene da jaka mai nauyi a baya, ka fara da kilo 10 kana ƙarawa mako-mako.

Tukunyar iskar nan ita ce darasin da ya fi kowanne. Wadda aka fi amfani da ita lita 6.8 ce, ana matse mata iska zuwa bar 300 (bar ma'aunin matsin iska ne), abin da ke ba da kusan lita 1,800 ta iskar shaƙa. A lissafin aji, mai shaƙar lita 40 a minti zai yi minti 45. A cikin gini mai ci da wuta, mutum na jan tiyo yana hawa bene, shaƙarsa ta kan ninka, sai tukunyar ta ƙare a wajen minti 20. Sabon shiga da tsoro ya kama shi ya fi haka saurin zuƙe ta. Idan iska ta sauka wajen bar 55, usur ɗin tukunyar zai fara ƙara. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran usur kafin a juya. Iskar da ta rage ta ko-ta-kwana ce, ya kamata usur ya same ka a bakin ƙofa. Don haka ake duba ma'auni a kai a kai, ana ware iskar komawa tun kafin a yi nisa, kuma ba a shiga sai mutum biyu-biyu.

Maganar gemu, malam, ta robar takunkumi ce. Dole bakin robar ya manne da fata zagaye da fuska. Gashi a wannan layin yana buɗe kafa, iskarka ta riƙa zurarewa waje, mintunanka su ragu ba ka sani ba. Ka tambayi malamin horo ƙa'idarsu, kuma a gwada maka takunkumin a fuskarka yadda take.

Sai zafi. Kayan da ke hana wuta shiga su ne ke hana zufa fita, ga damshin Jidda. Ka sha ruwa tun kafin a buga ƙararrawa, ka duba fitsarinka, in ya yi duhu to kana da bashin ruwa. Jiri, ciwon kai da rikicewar magana alamu ne na a fitar da mutum a cire masa kaya nan take. Kada kuma ka zaci yawan ruwa ne ƙwarewa: lita ɗaya ta kan zama kusan lita 1,700 ta tururi, wanda ya yi ɓarin ruwa a rufaffen ɗaki kansa da abokinsa zai dafa.

Ɗana ya nace sai wannan aiki, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Kullum cikin wuta za a riƙa tura shi?
*Wata uwa daga Madina*

Hajiya, Allah ya kwantar da hankali. Haɗari akwai shi, ba za mu ɓoye miki ba, amma yawancin kira ba babbar gobara ba ne. Akwai fito da waɗanda lif ya maƙale da su, da yanke ƙarfen mota bayan hatsari, da duba gine-gine, da ceto a ambaliya irin ta Jidda a 2009 wadda ta ci rayuka fiye da 100. Lokacin Hajji kuma a kan tura ma'aikata Mina da Arfa, inda rigakafi ya fi yawa. Tun bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta kashe alhazai fiye da 300, aka sauya tantuna zuwa masu jure wuta.

Abin da za ki riƙa tuna masa shi ne hayaƙi, don ya fi harshen wuta kisa, kuma ba ya ƙarewa da mutuwar wutar. Kada ya cire takunkumi yana tonon toka don ya ga wuri ya lafa. Ya yi wanka da zarar ya koma ofis, kayan da suka sha hayaƙi kuma a wanke su can, kada ya kawo miki su gida ki haɗa da wankin yara.