Kwamfuta ta ƙi tashi bayan ƙara wa furosesa gudu

Tambaya: Na shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke zuwa kafin Windows, na ɗaga gudun furosesata samfurin Intel mai harafin K daga 4.6 GHz zuwa 5.1 GHz, na kuma kunna XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, a lokaci guda. Da na sake kunna kwamfutar, fankoki suna juyawa amma sikirin bai nuna komai ba. Ko na ƙona ta ne?

Amsa: Da wuya a ce ta ƙone. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne madabod, wato babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa, yana ƙoƙarin tashi da saitin da furosesa ko RAM ba za su iya ɗauka ba, sai ya maƙale tun kafin ya kai ga nuna hoto. Ka fara da duba 'yan fitilun da ke gefen yawancin madabod na zamani, waɗanda aka rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a jikinsu, domin wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda aka tsaya. Idan ta DRAM ce kuma RAM ɗinka DDR5 ce, ka ba ta 'yan mintoci, saboda madabod yakan ɗauki lokaci yana daidaita kansa da RAM bayan an sauya saiti.

Idan shiru ya yi yawa, sai a goge saitin CMOS, wato inda BIOS ke ajiye saitinsa. Ka zare wayar wuta daga soket, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar lantarki ta fice, sannan ka haɗa 'yan ƙarafa biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko makamancinsa a kusa da su da bakin sukundireba na kamar daƙiƙa goma. In ba ka gan su ba, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wato CR2032, na minti biyar ka mayar. Wanda ya kulle ma'ajiyarsa da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, ya tanadi lambar buɗewa a kusa, don Windows yana iya nemanta bayan haka.

Babban kuskurenka shi ne sauya abubuwa biyu a tashi ɗaya, ga kuma tsalle daga 46 zuwa 51 a ma'aunin ninki, wato lambar da ake ninkawa da 100 MHz a samu gudun furosesa. Kowane mataki ɗaya na ninkin yana ƙara 100 MHz ne, kuma haka ya kamata a bi shi, ɗaya bayan ɗaya. XMP ma ƙarin gudu ne, na RAM, kuma sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesar kanta. Saboda haka a gwada shi daban da manhajar gwajin RAM ta MemTest86, sai ya tsaya da ƙafarsa kafin a taɓa furosesa.

Tambaya: Tawa tana tashi lafiya har cikin Windows, amma tana yanke aiki da shuɗin sikirin idan na jima ina wasa. In ƙara mata ƙarfin lantarki ne?

Amsa: Shiga Windows ba hujja ba ce ta cewa saitin ya zauna. Ka karanta abin da shuɗin sikirin ya rubuta. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT galibi suna nuna cewa Vcore, wato lantarkin da ke shiga furosesa, bai isa gudun da ka zaɓa ba. Sau da yawa adadin da ka sa a BIOS ba shi ne ke isa gare ta ba idan aiki ya yi nauyi, domin lantarkin yakan ɗan zube a daidai wannan lokaci, kuma sa saitin LLC (Load-Line Calibration) na cikin BIOS a matsakaici yana rage wannan zubewa ba tare da an ɗaga Vcore ba.

Amma kafin ka ƙara komai, ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka kunna OCCT ko Prime95, manhajojin da ke ɗora mata aiki mai nauyi, kana kallon zafi. Furosesocin Intel da yawa suna rage gudunsu da kansu a digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, yawancin jerin Ryzen 7000 na AMD kuma a digiri 95, kuma idan kana dab da nan, ƙarin lantarki ƙara wa wuta fetur ne. Sai ka duba man sanyaya da zaman na'urar sanyaya a kan furosesa tukuna. Idan zafin yana da sauƙi, ka riƙa ƙara 0.01 bolt kana gwaji na aƙalla awa guda bayan kowane ƙari. A ganina, wuce 1.35 bolt don amfanin yau da kullum bai cancanci 100 MHz ɗin da za a samu ba. Gara a sauke ninkin da mataki ɗaya.

Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. A 2024 Intel ya tabbatar cewa lantarki mai yawa yana lalata wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 sannu a hankali, ya fitar da gyaran 0x129 da 0x12B ta hanyar sabunta BIOS, kuma gyaran ba ya farfaɗo da wadda ta riga ta lalace. Idan taka tana cikinsu, ka sabunta BIOS, ka mayar da komai yadda masana'anta ta saita shi, ka sake gwaji. In har ta ci gaba da faɗuwa a haka, matsalar ba ta saitinka ba ce, sai ka nemi canji a ƙarƙashin garanti.